Tambayoyi da amsoshi kan binciken gaurayen folima da kofolima da na'urar NMR

Waɗannan tambayoyin su ne ɗaliban kimiyyar sinadarai a nan Sakkwato suka fi yawan kawowa, na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da na Jami'ar Jihar Sakkwato, musamman masu digiri na biyu da na uku waɗanda aikinsu ya shafi roba, leda, sitaci ko ƙaro, wato folima: dogayen sarƙoƙi da aka haɗa daga ƙananan gaɓoɓi da ake kira monoma. Yawancinsu aika samfur suke yi wani gari ko wata ƙasa da kuɗin aljihunsu, kuma ba kasafai ake samun damar maimaitawa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ganin kuɗin nan sun tafi a kan gwajin da tun farko ba zai iya amsa tambayar da ɗalibin yake yi ba.

Malam, mene ne NMR, kuma me na'urar take aunawa?

Cibiyar wasu ƙwayoyin zarra, irin su haidirojin da kabon-13, tana da ɗan ƙaramin maganaɗisu a jikinta. Idan aka saka samfur cikin babban maganaɗisu aka bugo masa igiyar rediyo, kowace cibiya takan amsa a mitar da ta dace da ita. A maganaɗisu mai ƙarfin tesla 9.4, haidirojin yana amsawa a megahaz 400, kabon-13 kuma a wajen 100. Daga nan aka samo sunan da ake kiran na'urorin da shi: "ta 400", "ta 600".

Amfanin abin ga mai binciken sinadarai shi ne, ilektiron da ke kewaye da cibiyar suna ɗan kare ta daga maganaɗisun, kuma kariyar ta danganta da maƙwabtanta. Haidirojin da ke jikin zoben benzin yana fitowa kusa da ppm 7 (ppm shi ne ma'aunin wurin da alama ke fitowa a zanen sakamakon, wato sifektiram), na jikin OCH3 kusa da 3.6, na tsakiyar sarƙar CH2 kusa da 1.3. Girman filin da ke ƙarƙashin kowace alama yana tafiya daidai da yawan haidirojin da suka ba da ita. Ke nan na'urar tana faɗin iri, tana kuma faɗin adadi.

Felix Bloch da Edward Purcell ne suka fara nuna wannan a cikin ruwa da daskararren abu, kowa da tawagarsa a Amurka, aka ba su kyautar Nobel a 1952. Richard Ernst na Suwizalan ya samu tasa a 1991 saboda hanyoyin da na'urorin yau suke aiki da su. Igiyar rediyo ce kawai, ba ta da cutarwa irin ta sinadaran nukiliya, kuma tushenta ɗaya da hoton MRI na asibiti. Haɗarin yana wajen maganaɗisun: mabuɗi, almakashi, katin banki, da mai na'urar daidaita bugun zuciya, duk ba sa matsawa kusa.

Mene ne bambancin gauraye da kofolima? Ina ganin ana musanya su a rubutu.

Ana musanya su, kuma kuskure ne mai tsada. Ɗauki carbi biyu, fari da baƙi, ka zuba su aljihu ɗaya: wannan shi ne gauraye, kowace sarƙa tana nan da zarenta. Kofolima kuwa carbi ɗaya ne da aka shirya da ƙwayoyi farare da baƙaƙe a zare guda. Za a iya jera su barkatai, ko fari ɗaya baƙi ɗaya, ko dogon layin farare sannan dogon layin baƙaƙe, ko kuma a ɗaura rassan baƙaƙe a jikin farin carbi. Waɗannan huɗun su ne kofolima na barkatai, na karɓa-karɓa, na ɓangare-ɓangare, da na dashe.

Tambayar da ake yi wa kofolima ita ce: gaɓoɓin nawa ne na kowane iri, kuma yaya aka jera su? Tambayar da ake yi wa gauraye ita ce: sarƙoƙin sun cakuɗu har ƙasa, ko kowace ta ware gefe guda? Gwajin da ke amsa ta farko daban yake da mai amsa ta biyu. Duba amsar da ke magana kan cakuɗuwa a ƙasa kafin ka cike takardar aika samfur.

Ina da sakamakon FTIR, shin dole sai na yi NMR?

Ya danganta da abin da kake son ka ce a kundinka. FTIR, gwajin da ke amfani da hasken infrared, zai nuna maka cewa akwai C=O ko O–H, kuma yana da kyau wajen ganin alaƙar haidirojin tsakanin sarƙoƙi biyu. Abin da ba zai ba ka cikin sauƙi ba shi ne adadi da jeri. Idan da'awarka ita ce "akwai folima kaza a cikin wannan fim ɗin", FTIR ya isa. Idan kuwa za ka ce "kashi 40 cikin 100 na gaɓoɓin stairin ne, kuma barkatai aka jera su", to sai NMR.

Haidirojin zan nema ko kabon-13?

Fara da haidirojin. Kusan duk haidirojin da ke duniya yana ba da alama, don haka minti kaɗan ya isa, kuma ya fi araha. Kabon-13 kashi 1.1 ne kacal cikin 100 na kabon, kuma maganaɗisunsa ya fi rauni, shi ya sa gwajin folima kan kwana yana tafiya. Ingancin alama yana ƙaruwa ne da tushen murabba'in yawan zagaye, wato sau nawa aka maimaita awon: in kana son ya ninka biyu, sai ka ninka lokaci huɗu.

Inda kabon ya yi fice shi ne faɗin fili. Haidirojin yana cunkushe cikin ppm 12, kabon yana da sama da 200. Saboda haka rassan foli'etilin, jerin gaɓoɓin kofolimar etilin da furofilin, da tsarin folifurofilin duk aikin kabon ne, domin a haidirojin kusan tudu ɗaya suke haɗuwa. Sai dai kabon na yau da kullum ba a ƙirga adadi da shi. Akwai yadda ake neman na ƙirga, yana cikin amsa ta ƙarshe.

Ledar fiya wata nake aiki a kai, ta ƙi narkewa a kulorofom. Me zan yi?

Ba za ta narke ba ko ta shekara a ciki. Ledar fiya wata foli'etilin ce, kuma sassanta da suka jeru kamar lu'ulu'u ba sa sakin jiki sai da zafi. Ana narkar da ita a tirikulorobenzin ko tetirakuloro'etan mai diyuteriyom (haidirojin mai nauyi wanda ba ya ba da alama a gwajin haidirojin), a auna ta tana da zafin digiri 120 zuwa 130. Folifurofilin na buhun siminti da kujerun roba haka yake. Ba kowace na'ura ke iya wannan zafin ba, don haka ka tambaya tun kafin ka biya.

Sauran kuwa: folistairin, PMMA (folimetil metakirilet), PLA (folilaktik asid), PCL (folikafrolakton) da roba ta itace suna narkewa a CDCl3, wato kulorofom mai diyuteriyom. Gorar ruwa, wato PET, tana buƙatar a haɗa CDCl3 da asid ɗin TFA mai diyuteriyom. PVC na bututun famfo yana narkewa a THF. PVA (folivinil alkohol) da sitaci sai DMSO, ƙaro sai D2O, wato ruwa mai diyuteriyom, kaitosan sai D2O da aka ɗiga wa asid. Duk abin da aka ɗaure sarƙoƙinsa da juna, kamar tayar mota ko jel mai shan ruwa, kumbura kawai yake yi, hanyarsa ita ce gwajin daskararre.

Kowane ruwan narkarwa yana barin tasa alamar. Ta CDCl3 tana 7.26, ta DMSO 2.50, ta D2O wajen 4.79. Laimar da ta shiga takan fito a 1.56 cikin CDCl3, a 3.33 cikin DMSO. Asiton da aka wanke bututu da shi yana 2.17. Ka haddace waɗannan. Na ga kundin da aka ɗauki alamar 3.33 aka yi mata shafi guda na bayani a matsayin shaidar sabon sinadari, alhali ruwa ne.

Nawa zan aika, kuma yaya zan shirya shi daga nan Sakkwato?

Bututun NMR na yau da kullum faɗinsa milimita 5 ne, yana ɗaukar wajen mililita 0.6. Haidirojin yana buƙatar miligiram 5 zuwa 10, kabon 30 zuwa 50 ko fiye in zai narke. Gwajin daskararre yana cin wajen miligiram 100 na gari. Aika ninki biyu na abin da aka nema, ka kuma ajiye wani a gida daga wannan dahuwar dai.

Aika shi a bushe, cikin ƙaramar kwalbar gilashi mai murfi, a bar masu na'ura su narkar. Kulorofom yana tafasa a digiri 61, kuma haske da zafi suna lalata shi ya koma asid mai cin PLA da sauran masu haɗin esta. Zafin garin nan daga Maris zuwa Mayu yana wuce digiri 40 a inuwa, balle cikin but ɗin motar haya da ta tsaya a rana. PCL yana narkewa a wajen digiri 60, PLA kuma yana fara laushi daga 55 zuwa 60. Ga gwajin ruwa wannan ba komai ba ne, tunda narkar da shi za a yi. Ga gwajin cakuɗuwa kuwa, zafin hanya zai iya sauya tsarin da kake son aunawa. Saka kwalbar cikin kula, ko ka jira hunturu.

Hunturun ma da nasa. Ƙurar da ke sauka kan fim ɗin da aka shanya a bakin taga tana ɗauke da ƙarfe, ƙarfe kuma yana ɓata alamomi. Haka wanda ya kai samfurinsa injin niƙa na unguwa: ɓurɓushin ƙarfen faifan yana shiga garin. Yi amfani da turmin tangaran na ɗakin gwaji, ka shanya a rufe. Kuma ka aika da kowace folima ita kaɗai tare da gaurayen. Wannan zai ƙara kuɗi, amma ba tare da su ba babu abin da za ka kwatanta da shi.

Sakamakona ya zo da tuddai masu faɗi maimakon siraran alamomi irin na littafi. Na'urar ce ta lalace?

Galibi lafiyarta ƙalau. Siraran alamomin littafi na ƙananan sinadarai ne masu juyawa da sauri a cikin ruwa. Sarƙar folima doguwa ce, motsinta a hankali, kuma alama tana faɗi gwargwadon jinkirin motsi. Ƙari a kan haka, gaɓa iri ɗaya tana zaune cikin maƙwabta daban-daban a tsawon sarƙar, kowace ta ɗan gusa kaɗan, sai su taru su zama tudu.

Dubi alamar ruwan narkarwar. In ita siririya ce, faɗin daga folimar yake. In ita ma ta baje, to ko ruwan ya yi kauri da yawa, ko akwai gari da bai narke ba, ko ƙarfe ya shiga. Rage yawan samfur, tace shi ta auduga, ko a ɗumama shi. In kuma ka ga siraran alamomi a kan tuddan, kada ka yi murna tukuna: yawanci ragowar monoma ce, wadda ke fitowa tsakanin 5.2 da 6.8, ko man da kamfani ya zuba don laushi. A PVC mai laushi, man talet ɗin yana fitowa sarai a 7.5 da 7.7.

Yaya ake lissafin kason kowace monoma a kofolima?

Nemo alamar da ta keɓanta ga kowace gaɓa, ka raba girmanta da yawan haidirojin da suka ba da ita. Mu ɗauki kofolimar stairin da MMA, monomar da ake yin PMMA da ita. Zoben stairin yana da haidirojin 5, suna fitowa tsakanin 6.4 da 7.3. Duk sauran, daga 0.5 zuwa 3.8, haɗaka ce: 3 daga kowace gaɓar stairin, 8 daga kowace gaɓar MMA. A ce ka saita girman zoben a 5.0, sai sauran ya ba ka 15.0. Stairin ke nan 5.0 a raba da 5, wato 1. Cire nasa 3 daga 15.0, saura 12, a raba da 8, MMA ya zama 1.5. Kason stairin shi ne 1 cikin 2.5, kashi 40 cikin 100.

Tarko biyu ne a wannan misalin. Alamar kulorofom ta 7.26 tana zaune a kan tudun zoben, ta ruwa kuma ta 1.56 tana cikin ɗaya ɓangaren. In samfurin kaɗan ne, za su karkatar da lissafin sosai. A busar da folimar da kyau, a kuma nemi a narkar a CD2Cl2 maimakon CDCl3, wanda alamarsa take 5.32, inda babu kowa.

Abin da NMR ya ba ka kason gaɓoɓi ne, ba kason nauyi ba, kuma mutane da yawa suna faɗawa nan. A stairin da MMA bambancin kaɗan ne, don nauyinsu 104 da 100 ne. Amma gaɓar PLA 72 ce, ta PCL 114. Idan alamar 5.16 ta PLA mai haidirojin 1 da ta 4.06 ta PCL mai haidirojin 2 suka nuna rabi da rabi, a nauyi PLA kashi 39 ne, PCL 61. Haka EVA, kofolimar etilin da vinil asitet da ake yin silifa da shi: wanda aka rubuta kashi 18 na asitet a buhunsa, a ƙirgen gaɓoɓi bai kai kashi 7 ba. Wanda bai juya lissafin ba zai zaci an cuce shi a kasuwa.

Ta yaya zan gane kofolima na samu, ba folima biyu da suka gauraya kawai ba?

Ga na barkatai abin da sauƙi, domin maƙwabtaka tana barin sawu. A PMMA zalla, OCH3 yana tsaye a 3.6. In ka gauraya shi da folistairin ka narkar, yana nan a 3.6 bai motsa ba. Amma in gaɓar MMA tana zaune tsakanin gaɓoɓin stairin a sarƙa ɗaya, zoben benzin yana kare ta, sai alamar ta watsu daga 3.6 har ƙasa zuwa wajen 2.2. Wannan watsuwar ita ce shaidarka. Daga girman sassanta ake ƙirga gaɓoɓi uku-uku, a fitar da matsakaicin tsawon layin kowane iri.

Na ɓangare-ɓangare shi ne mai wahala. Mahaɗa ɗaya ce tak a sarƙa mai gaɓoɓi ɗaruruwa, don haka sifektiram ɗinsa kusan ɗaya yake da na gauraye. A nan ake neman DOSY, gwajin da ke auna saurin yawon kowace sarƙa a cikin ruwa. In ɓangarorin biyu a ɗaure suke, duk alamominsu za su jeru a layi ɗaya. In rabe suke, kowanne zai bi nasa saurin. Sai dai idan sarƙoƙin biyu sun zo kusan girma ɗaya, za su iya jeruwa tare ba tare da ɗauri ba, don haka a haɗa da sakamakon GPC, gwajin da ke rarraba sarƙoƙi bisa girmansu, kuma a yi gwajin da ruwa tsararo.

Akwai kuma gaurayen da ke rikiɗewa a cikin injin narkarwa. Foliyesta biyu, kamar PET da folikabonet, in sun daɗe a zafi sukan yi musayar gaɓoɓi, sai sababbin alamomi su ɓullo waɗanda babu su a kowanne shi kaɗai. Ga wani dalilin aika kowace folima daban.

Na dasa akirilamaid a jikin ƙaro. Sifektiram ya nuna alamomin duka biyun. Ya isa shaida?

Bai isa ba, kuma wannan ita ce tambayar da na fi so ɗalibanmu su tsaya a kanta, don aikin dashe a kan ƙaro da sitacin rogo ko na dawa ya yi yawa a sassanmu. Dalilin yawansa a fili yake: ƙaron dakwara yana samuwa a arewa, da araha, kuma abin da aka samu yana da amfani wajen tace ruwa da riƙe laima a gona. Amma duk lokacin da ka yi dashe, wani kaso na monomar yana haɗuwa da kansa ya zama folima mai zaman kanta a cikin tukunyar. Ko da ba a dasa ko reshe ɗaya ba, sifektiram zai nuna alamomin ƙaro da na foli'akirilamaid tare. Abin da ka nuna shi ne suna cikin bututu ɗaya.

Saboda haka aikin yana farawa tun kafin NMR. A wanke samfurin a Soxhlet, na'urar gilashi mai maimaita wanki, da ruwan da ke narkar da folimar da ba ta dasu ba kaɗai. In MMA aka dasa a sitaci, asiton ne, a yi ta yi har nauyi ya daina raguwa. Sannan ka haɗa gaurayen gwaji da hannunka, ƙaro da folimar a kaso ɗaya da na samfurin, ka bi da shi ta wankin nan. In wankin ya kwashe folimar daga gaurayen hannu amma ya bar ta a samfurinka, ka samu hujja mai ƙarfi. DOSY da aka yi bayani a amsar da ta gabata zai ƙara mata nauyi. Kuma in da gishirin siriyom ko na ƙarfe ka tayar da haɗin, sai an fitar da ragowarsa sarai, in ba haka ba alamomin za su baje.

Wajen karatu, haidirojin na farko a kowane zoben sukari yana fitowa tsakanin 4.3 da 5.5, sauran na zoben sun taru tsakanin 3.2 da 4.2, CH3 na ramnos ɗin ƙaro kuma yana kusa da 1.25. Sarƙar foli'akirilamaid tana wajen 1.6 da 2.2. Alamar ruwa ta 4.79 tana faɗawa tsakiyar yanki mafi muhimmanci. Ka roƙi a auna a digiri 60 zuwa 80: alamar ruwan za ta gusa ƙasa ta ba da wuri, na ƙaron kuma su ƙara siranta.

Ina son in nuna cewa folima biyu sun cakuɗu sosai a fim ɗina. Wane gwaji zan nema?

Ba gwajin ruwa ba. Da zarar ka narkar da fim, ka rushe abin da kake son gani. Folistairin da PMMA ba sa cakuɗuwa a daskare, amma a kulorofom suna ba da ruwa garau da sifektiram mai kyau. Gwajin ruwa zai gaya maka kason kowanne, iyakarsa ke nan.

Abin nema shi ne NMR na daskararre, wanda ake kira CP-MAS. Ana cusa garin a ɗan ƙaramin bututu, a juya shi sau dubbai a daƙiƙa, a karkace da digiri 54.7 daga maganaɗisun. Wannan karkatar ce ke sirantar da alamomin da suka baje. Schaefer da Stejskal ne suka haɗa dabarun suka gwada a kan folima a 1976. Ana auna lokacin da haidirojin na kowace folima ke ɗauka kafin ya koma hutawa, ta hanyar alamomin kabon ɗinta. Haidirojin da ke kusa da juna suna miƙa wa juna maganaɗisu, don haka in sarƙoƙin sun kusanci juna, folima biyun za su nuna lokaci ɗaya, a tsakanin na kowace ita kaɗai. In sun ware, kowace ta riƙe nata.

Lokaci biyu ake aunawa, kowanne da tazarar da yake gani. T1ρ na 'yan milidaƙiƙu ne, yana ba da labarin nanomita 2 zuwa 5. T1 yana kai daƙiƙa guda, yana ganin nanomita 20 zuwa 50. In duka biyun sun daidaita, cakuɗuwar ta kai ƙasa. In T1 ya daidaita amma T1ρ ya rabu, akwai ƙananan yankuna da girmansu ya faɗa tsakanin tazarar biyu. In duk sun rabu, ba su cakuɗu ba. Wannan ya fi DSC, gwajin da ke nuna zafin da folima ke fara laushi, zurfi, kuma yana ceto inda DSC ya gaza: folistairin yana laushi a wajen digiri 100, PMMA a wajen 105, kusancin da zai sa ka ga mataki ɗaya ka zaci sun cakuɗu. Mafi yawan folima ba sa cakuɗuwa. Irin folistairin da PPO, ko PMMA da PVDF, su ne 'yan tsirarun da suka fita daban. Mai haɗa sitaci da foli'etilin kada ya ji kunyar rubuta cewa sun ware, haka ɗabi'arsu take, kuma hoton SEM, wato na madubin ilektiron, zai nuna masa wannan da kuɗi kaɗan.

Me ake nufi da mm, mr da rr da nake gani a takardun bincike?

Bayanin ɓangaren da rassan gaɓoɓi suke fuskanta ne. Gaɓoɓi biyu maƙwabta in sun fuskanci gefe ɗaya m ne, in sun saɓa r ne. A PMMA, CH3 na jikin sarƙa yana rabuwa uku: rr kusa da 0.85, mr kusa da 1.02, mm kusa da 1.2. Bovey da Tiers suka fara karanta wannan a 1960. PMMA da aka yi ta hanyar da aka saba a ɗakin gwaji rr ne ya fi yawa a cikinsa. A folifurofilin na kasuwa kuwa kusan duka m ne, alamar kabon ta 21.8 ta mamaye, kuma wannan jeruwar ce ta sa yake da ƙarfin da ake yin kujera da shi.

NMR zai ba ni nauyin sarƙa?

Zai bayar in sarƙar gajera ce kuma ka san abin da ke bakinta. A PEG (foli'etilin gilaikol) mai OCH3 a baki ɗaya, saita alamar 3.38 a 3. In babbar alamar 3.64 ta ba da 180, raba da 4, gaɓoɓi 45 ke nan. Sau 44, a ƙara 32, nauyin ya kama wajen 2,000. Da sarƙa ta wuce 20,000, alamar bakin takan nutse cikin hayaniya. Matsakaici kawai yake bayarwa, bambancin tsawon sarƙoƙi sai GPC.

Ƙananan na'urorin kan tebur fa, suna da amfani?

Suna da shi, kuma a ganina su suka fi dacewa da jami'o'inmu a matsayin matakin farko. Babbar na'ura tana buƙatar ruwan hiliyom mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili da ruwan naitirojin a kai a kai. In hiliyom ya ƙare, maganaɗisun ya mutu, tayar da shi kuma babban kuɗi ne. Na kan tebur, masu megahaz 60 zuwa 100, maganaɗisunsu na dindindin ne. Buƙatarsu wuta marar yankewa da ɗaki mai sanyi daidai, abin da sola da batir za su iya riƙewa a garin da rana ba ta yi mana rowa. Za su yi lissafin kaso inda alamomi suka yi nisa da juna, kamar PLA da PCL ko stairin da MMA. Jerin gaɓoɓi da kabon na foli'etilin sun fi ƙarfinsu.

Me zan rubuta wa mai kula da na'ura, me kuma zan karɓa daga hannunsa?

Rubuta masa sunan folimar, ruwan da ka gwada ya narkar da ita, zafin da kake so, da tambayarka a jimla ɗaya. In adadi kake nema, faɗa masa, domin sai ya tsawaita jiran da ke tsakanin zagaye zuwa ninki biyar na T1 mafi tsawo. Ga haidirojin na folima daƙiƙa 10 yawanci ta wadatar, in akwai ragowar monoma da za a ƙirga a kai 30. Ga kabon na ƙirga, ka nemi a kashe ƙarin NOE, wanda ke ƙara girman alamomin kabon ba daidai da juna ba, a kuma zuba ɗan sinadarin Cr(acac)3 don rage jira. Tun kafin ka tura kuɗi, ka tabbatar ta waya cewa na'urar tana aiki a wannan makon kuma suna da ruwan narkarwar da kake buƙata, don wasu wuraren kai za ka saya.

Kada ka yarda da hoto ko PDF kaɗai. Nemi ainihin fayil ɗin FID, wato ɗanyen bayanan da na'urar ta ɗauka, babban fayil ɗin gaba ɗaya. Da shi za ka gyara layin ƙasa da alamomi ke tsaye a kai, ka sake auna girman alamomi, ka faɗaɗa inda mai jarrabawa ya nuna da yatsa ranar kare kundi. Bruker, kamfanin ƙera na'urorin NMR, yana ba masu karatu manhajar buɗe fayil ɗin, TopSpin, kyauta, manhajar MestReNova kuma ta kuɗi ce. A tuddai masu faɗi, ɗan karkacewar layin ƙasa yana iya sauya kaso da maki da yawa, don haka auna sau uku ka rubuta tazarar da ka samu. A babin hanyoyin bincike ka sa ƙarfin na'ura, ruwan narkarwa, zafi, yawan zagaye, tsawon jira, da iyakokin ppm da ka auna kowace alama a ciki.